Yadda ake gina rumbun bayanai da haɗa manhajoji don gyaran layin dogo bisa tsarin RCM

Tsarin RCM, wato tsara gyara bisa yadda kaya ke lalacewa da abin da lalacewarsu ke jawowa, daga harkar jiragen sama ya fito. A 1978 Stanley Nowlan da Howard Heap na kamfanin United Airlines suka rubuta wa ma'aikatar tsaron Amurka rahoton da ya zama tushensa. Abin da suka gano ya girgiza masu gyara: kashi 11 cikin ɗari kawai na kayan da suka bincika ne lalacewarsu ke bin tsufa, sauran kashi 89 kuwa ko an canja su bisa kalanda ba a rage komai ba. A layin dogo lissafin ya ɗan bambanta, domin ƙarfen dogo da tsakuwa suna cinyewa da nauyin da ya bi ta kansu, amma kayan sigina da na lantarki sun fi kama da abin da aka gani a jiragen sama. Ba za ka san wanne ne wanne a layinka ba sai kana da tarihi, tarihin kuma ba zai amfane ka ba sai kowace tangarɗa tana ɗaure da abu uku: wane kaya, a wane wuri, ta wace hanya ya lalace. Duk matakan da ke ƙasa don a samu wannan ɗauri ne.

Kayan da za ka tanada

Kwamfuta guda da za ta zauna a matsayin saba, wato wadda za ta riƙe rumbun sauran na'urori su riƙa haɗuwa da ita, da wurin ajiye kwafi a wani gini daban. Manhajar rumbun bayanai: ni PostgreSQL nake zaɓa, tare da ƙarinta na taswira mai suna PostGIS, duka kyauta ne. QGIS don ganin layin a taswira. Manhajar cike fom a waya wadda ke aiki ba tare da intanet ba, kamar QField, ODK Collect ko KoboToolbox. Python ko R don lissafi. Metabase ko Grafana don allon rahoto.

Idan ma'aikatarku ta riga ta sayi manhajar tsara ayyukan gyara irin IBM Maximo ko SAP, kada ka gina kishiya a gefe. Bar takardun aiki a can, ka riƙa jawo kwafi zuwa rumbunka don bincike. Idan kuma ba ku da saba ko kaɗan, fara da fayil ɗin GeoPackage, wanda SQLite ne a cikinsa, QGIS na buɗe shi kai tsaye, daga baya ka kwashe zuwa PostgreSQL ba tare da wahala ba. Excel na iya riƙe ka na ɗan lokaci, sai dai yana sauya kwanan wata yadda ya ga dama, yana kuma share sifilin farkon lamba.

Ban da na'urori, tattaro takardu: zanen layin, littattafan sintiri, rajistar tangarɗar sigina ta ɗakin kula da zirga-zirga, sakamakon awon layi, da jadawalin jiragen da nauyinsu. Sannan mutane: shugaban masu gyaran layi, ma'aikacin sigina wanda ya daɗe a fili, da wani daga ɓangaren zirga-zirga. In babu waɗannan ukun, teburanka za su yi kyau a ido amma babu gaskiya a cikinsu.

1. Yanke iyakar aikin

Zaɓi yanki guda na layi da nau'in kaya biyu ko uku. Shawarata ita ce ka fara da poyin, wato wurin da jirgi ke sauya layi, da injin da ke juya shi, sai ƙarfen dogo. Poyin na da sassa masu motsi, yana yawan tsayar da jirage, tangarɗarsa kuma kusan kullum ana rubuta ta domin ɗakin kula na gani nan take. Wanda ya ce zai shigar da gadoji da kwalbatoci da sigina da wayoyin lantarki a zubi ɗaya, shekara za ta zagayo yana nan yana shigar da bayanai bai fitar da amsa ko guda ba.

Rubuta tambayoyi uku da kake son rumbun ya amsa. Misali: waɗanne poyin ne suka fi jawo jinkiri, wace hanyar lalacewa ce ta fi maimaituwa, wane yanki ne zai buƙaci injin cusa tsakuwa a shekara mai zuwa. Duk gurbin tebur da bai taimaka wa ɗaya daga cikinsu ba, ajiye shi tukuna.

2. Daidaita yadda ake faɗin wuri

Wannan shi ne matakin da ya raba layin dogo da masana'anta, kuma nan ne sababbi suka fi faɗuwa. Famfon masana'anta yana da ɗaki da lamba. Ƙarfen dogo kuwa tsawo ne da shi, tsagar da ke jikinsa tana wani taki ne a cikin kilomitoci masu yawa. Don haka kowane wuri a rumbunka sai ya ƙunshi: lambar hanya, lambar layi idan layukan biyu ne ko fiye, kilomitar farawa, kilomitar ƙarewa, da ɓangare, hagu ko dama. Abin da ke tsaye wuri guda, kamar sigina, farawa da ƙarewarsa ɗaya ne.

Ka ajiye nisa da mita, cikakkiyar lamba. Kilomita 42 da mita 350 ka rubuta 42350. Idan ka bar mutane su rubuta yadda suka saba, za ka tarar da 42+350 da 42.35 da 42,350 a tebur guda.

Hagu da dama kuma a yanke su sau ɗaya: mutum ya tsaya yana fuskantar inda lambar kilomita ke ƙaruwa. A buga wannan a saman kowane fom. In ba haka ba, mai sintirin da ya taho daga wancan ƙarshen zai kira dama hagu, a tura masu walda su yanke lafiyayyen ƙarfe.

Akwai wani tarko da ba a gani a ofis. Turakun kilomita ba su cika zama daidai mita 1000 tsakaninsu ba. Inda aka taɓa gyara kwana ko aka karkatar da layi, za ka samu kilomita mai gajarta ko mai tsawo, wani wurin ma lambar ta yi tsalle. Buɗe tebur na musamman: kowace turka, lambarta, wurinta na GPS, da ainihin nisan da ke tsakaninta da ta gaba. Da wannan tebur da zanen tsakiyar layi, PostGIS zai iya juya GPS zuwa kilomita da aikin ST_LineLocatePoint, ya kuma yanko maka yanki da ST_LineSubstring. Kada ka dogara ga GPS na waya shi kaɗai wajen bambance layuka biyu da ke kusa da juna. Tazarar da ke tsakaninsu 'yan mitoci ce, kuskuren wayar ma kusan haka yake. Mutum ne zai zaɓi lambar layi da hannunsa.

Idan kuna musayar bayanai da wasu ma'aikatu, duba tsarin railML, da kuma RailTopoModel wanda UIC, ƙungiyar layukan dogo ta duniya, ta fitar, kafin ka ƙirƙiro naka fasalin hanyoyi.

3. Gina rajistar kaya

Jera kayan daga babba zuwa ƙarami: hanya, yanki, tsari, kaya, sashe. Poyin kaya ne, sassansa su ne harsunan ƙarfe masu motsi, sandunan da ke riƙe tazarar harsunan, makulli, na'urar tabbatar da cewa ya zauna, da injin juyawa. Tsaya a matakin da ake canjawa ko gyarawa. Ba a ba kowane noti lamba.

Ka raba abu biyu da mutane ke haɗawa: gurbi da abin da ke cikin gurbi. Gurbin injin poyin na wata tasha yana nan shekara da shekaru, amma injin da ke cikinsa ana iya cire shi, a kai shi wurin gyara, a ɗaura shi a wata tasha. Saboda haka teburori uku ne: na gurabe, na kayan da ke da lambar masana'anta, da na ɗauri wanda ke cewa kaya kaza ya zauna a gurbi kaza daga rana kaza zuwa rana kaza. Wannan tebur na uku kamar katin mara lafiya yake, yana bin injin duk asibitin da ya je. Da shi ne za ka gane ko laifin injin ne ko na wurin: idan injuna uku sun mutu a gurbi guda, je ka duba ruwa da ke kwanciya ko ƙasa da ke lotsewa, in kuwa injin guda ne ke mutuwa a duk inda aka kai shi, ka san abin yi.

Lambar kaya ta zama marar ma'ana, kuma kada ta taɓa canjawa. Idan ka saka sunan tasha ko kilomita a cikinta, ranar da aka sake lambobin layi tarihinka ya tsinke. Sunan da ma'aikata suka sani ya zauna a wani wuri na daban a cikin tebur.

Ga ƙarfen dogo, rubuta nau'insa, shekarar da aka ƙera, shekarar da aka shimfiɗa, ko haɗe yake da walda ko da faranti da kusoshi, irin silifar da ke ƙarƙashinsa, katako ko kankare ko ƙarfe, da tsananin kwana. Shekarar ƙira tana nan a rubuce a jikin ƙarfen. Inda ba a san ranar shimfiɗawa ba, saka ƙiyasi, ka ƙara gurbi mai nuna cewa ƙiyasi ne. Kada ka cike da 1 ga Janairu ka yi shiru, lissafin da ke gaba zai ɗauke shi gaskiya.

Kada ka share komai. Abin da aka cire, saka masa ranar cirewa.

Dalilin wannan tsanani ba ƙawa ba ne. Ranar 17 ga Oktoba 2000 ƙarfen dogo ya farfashe ƙarƙashin jirgi a Hatfield ta Ingila, mutum huɗu suka mutu. Tsagogin gajiyar ƙarfe ne sanadi. Kamfanin Railtrack, mai kula da layin a lokacin, bai san wurare nawa ne ke da irin wannan tsaga ba, sai ya rage gudun jirage a wurare masu yawan gaske a faɗin ƙasar, zirga-zirga ta rikice na watanni.

4. Zauna da masu aiki a cike teburin hanyoyin lalacewa

Ƙa'idar SAE JA1011 ta 1999 ta ce kafin a kira aiki RCM sai ya amsa tambayoyi bakwai: mene ne aikin kayan da ma'auninsa, ta yaya yake gaza aikin, me ke jawo kowace gazawa, me ke faruwa idan ya gaza, me gazawar ke janyowa, me za a yi don hanawa ko hangowa, me za a yi idan babu aikin da ya dace. Mayar da kowace tambaya gurbi a tebur. A layin dogo kuma ƙa'idar EN 50126 ce ke bayanin aminci da samuwa da sauƙin gyara da tsaron rai, ka ajiye ta kusa.

A rubuta aikin kaya da ma'auni. «Poyin ya yi aiki» ba komai ba ne. «Ya juya cikin daƙiƙun da masana'anta ta ƙayyade, ya kulle, ya kuma aika wa ɗakin kula tabbaci» ayyuka uku ne, kowanne da hanyoyin lalacewarsa: giris ya bushe a kan farantin zamewa, tsakuwa ta shiga tsakanin harshe da ƙarfe, sandar tabbaci ta kauce, kusoshin sandar tazara sun kwance, ruwa ya shiga akwatin injin.

Kowace hanya a jefa ta ɗaya daga cikin aji huɗu: ɓoyayya, mai taɓa rai ko muhalli, mai tsayar da jirage, ko mai cin kuɗin gyara kawai. Ɓoyayyar ita ce wadda ba wanda zai sani sai wani abu na biyu ya lalace, kamar batirin ko-ta-kwana da ya mutu tun tuni, ba a gane ba sai ranar da wuta ta ɗauke. Irin wannan ba ta bayyana a rajistar tangarɗa, don haka idan daga tarihi kawai ka ɗauko jerinka, za ka tsallake mafi haɗari. Maganinta gwaji ne a kan kari, kuma sai ka tanadi tebur na sakamakon gwajin.

Ana yin wannan bincike sau ɗaya ga kowane nau'in kaya, sannan a duba wuraren da yanayinsu ya bambanta. Poyin da ke kan babban layi da wanda ke cikin yadi ƙira ɗaya ne, abin da lalacewarsu ke janyowa ba ɗaya ba ne.

5. Fitar da lambobin tangarɗa daga wannan tebur

Nan ne aikin yake tsayawa ko ya rushe. Jerin da ma'aikaci zai zaɓa a waya dole ya zama shi ne jerin hanyoyin lalacewa na mataki na 4, lamba ɗaya a wurare biyun. Idan suka bambanta, binciken RCM zai zauna a kabad, tarihi ya tafi hanyarsa, ba za su sake haɗuwa ba.

Raba rahoto gida huɗu: abin da aka gani, sashen da ya lalace, sanadi, da abin da aka yi. «Poyin ya ƙi ba da tabbaci» abin da aka gani ne. «An ɗaure noti» abin da aka yi ne. Ba ɗayansu da yake sanadi. Tsofaffin littattafai cike suke da «an gyara, yana aiki», kuma daga wannan jimla babu abin da za a iya lissafawa.

Jerin ya bi nau'in kaya: wanda ya zaɓi injin poyin ya ga hanyoyin injin poyin kawai, kamar guda goma, ba ɗari biyu ba. Mutumin da ke tsaye a bakin layi da dare, jirgi na jiransa, na farko a jerin zai danna idan jerin ya yi tsawo. Ka saka «an duba ba a ga laifi ba» a matsayin zaɓi halattacce, domin hakan na faruwa da gaske a kayan sigina, maimaituwarsa a wuri guda kuma alama ce ta waya mai saki. Ka saka «wani abu daban» tare da tilasta rubuta bayani, ka riƙa karanta su duk wata. Idan suka yi yawa, jerinka ne ke da giɓi.

Ga lahanin ƙarfen dogo kada ka ƙirƙiro lambobi. Kundin UIC 712 ya riga ya raba su bisa wurin da lahanin yake da irinsa.

Lokuta huɗu za a rubuta: lokacin da abin ya lalace, lokacin da aka sanar, lokacin da masu gyara suka isa, lokacin da aka mayar da shi aiki. Sau da yawa za ka ga gyaran bai ɗauki lokaci ba, tafiyar ce ta cinye awannin, wannan kuma matsalar wurin zaman ma'aikata ce da motarsu. Ƙara mintunan jinkirin jirage daga ɗakin kula. Kwanan wata a rubuta shekara, wata, rana, kamar 2024-03-09.

Wani abu da manhaja ba ta iya yi maka: idan aka fara amfani da rumbun wajen hukunta ma'aikata, rahotanni za su koma tsaf-tsaf babu gaskiya. A bar gurbin sanadi ya zama na koyo.

6. Shigar da sintiri da awo

Kowane sintiri a rubuta shi ko ba a ga komai ba, tare da inda aka fara da inda aka tsaya. Rumbun ya riƙa kwatanta abin da aka tsara da abin da aka yi, ya fito da giɓin da kansa kowace safiya. A hatsarin jirgin ƙasa na Grayrigg ta Ingila, ranar 23 ga Fabrairu 2007, inda mace guda ta rasu, sandunan tazarar poyin ne suka lalace, binciken kuma ya nuna cewa duban da aka tsara yi wa poyin ɗin kwanaki kaɗan kafin nan bai samu ba. Rahoton duban da bai faru ba ya fi kowane zane mai launi muhimmanci.

Awon layi, wato faɗin da ke tsakanin ƙarafa biyu, wanda a layi na gama-gari milimita 1435 ne, da tudu da kwari, da karkata, da murɗiya, yana zuwa da yawa, sau da dama awo huɗu a kowace mita. Ajiye ɗanyen fayil yadda ya zo. A rumbu kuwa ka raba layi gida-gida na mita 200, ka lissafa ma'aunin warwatsuwa na kowane gida, wato yadda awon ke kaucewa daga matsakaicinsa, kamar yadda ake yi a ƙa'idar EN 13848. Gidajen nan kada su motsa daga awo zuwa awo. Lahani na wuri guda kuma ya shiga nasa tebur da matakinsa: na faɗakarwa, na shiga gyara, ko na ɗaukar mataki nan take.

Kafin ka kwatanta awo biyu, daidaita su. Ma'aunin nisa na motar awo yana zamewa da wasu mitoci, sai kwarin da ke nan a watan jiya ya bayyana can gaba a wannan watan, ka zaci sabo ne. Yi amfani da abin da ba ya motsi, kamar bakin gada ko poyin, ka ja awon ya hau kansa. Idan ba ku da motar awo, keken awo na turawa ya isa, ko ma sandar awo ta hannu, muddin wurare iri ɗaya ake aunawa kowane karo.

Sannan nauyi. Ƙarfe da tsakuwa ba kwanaki suke ƙirgawa ba, tan suke ƙirgawa. A misali, jirage 10 a rana, kowanne tan 2,000, sun ba da tan miliyan 7.3 a shekara. Ajiye wannan ga kowane yanki kowace shekara. In babu ma'aunin nauyi a kan layi, lissafa daga jadawali da takardun lodi.

7. Zuba tsofaffin bayanai da tacewa

Kwashe na shekaru biyu ko uku da suka wuce ya isa farawa. Zuba su a teburin wucin gadi tukuna. Rumbun ya ƙi duk rahoton da kayansa ba ya cikin rajista, ko kilomitarsa ta fita daga layin, ko ranar gyaransa ta riga ranar lalacewa. Nemo tangarɗa guda da aka rubuta sau biyu, ɗaya daga ɗakin kula, ɗaya daga masu gyara, ka haɗe su. Wanda aka kasa gane sanadinsa a bar shi «ba a sani ba». Kada ka yi masa zato.

8. Lissafi

Fara da mafi sauƙi: jera hanyoyin lalacewa bisa mintunan jinkirin da suka jawo, ba bisa yawansu kawai ba. Kusan kullum kaɗan daga cikinsu ne ke ɗauke da mafi yawan asarar.

Sai matsakaicin lokaci tsakanin tangarɗa, MTBF. A misali, injuna 40 da suka yi shekara guda suna aiki sun tara kwanaki 14,600. In tangarɗa 20 aka samu, MTBF kwana 730 ne. Lura, an ƙirga har da injunan da ba su lalace ba. Barinsu waje shi ne kuskuren da aka fi yi, yana sa kaya su fito da muni fiye da yadda suke.

MTBF bai gaya maka ko tsufa ke kashe kayan ba. Wannan aikin lissafin Weibull ne, wanda ke fitar da lambobi biyu, beta da eta. Beta ƙasa da 1 na nufin kayan na mutuwa da wuri, wato duba yadda ake ɗaurawa ko ingancin kayan. Beta kusa da 1 na nufin lalacewar ba ruwanta da shekaru, canji bisa kalanda asara ce. Beta da ya haura 1 sosai na nufin cinyewa, nan canji kafin lokaci na da amfani. Eta kuma shi ne shekarun da kashi 63.2 cikin ɗari za su kai sun lalace. A Python akwai lifelines da reliability, a R akwai survival, masu kuɗi kuma na sayen Weibull++ na ReliaSoft.

Sharuɗɗa biyu. Hanyar lalacewa guda ake lissafawa a lokaci guda. Idan ka gauraya shigar ruwa da cinyewar giyar injin, beta zai faɗo kusa da 1 ya ruɗe ka. Na biyu, kayan da ke aiki har yanzu da waɗanda aka cire saboda wani dalili daban a shigar da su a matsayin waɗanda ba su kai ga lalacewa ba, teburin ɗauri na mataki na 3 ne zai ba ka kwanakinsu. Idan tangarɗar ba ta wuce huɗu ko biyar ba, kada ka gina hukunci a kan beta, koma ga masu aiki da bayanin masana'anta. Hanyoyin da ke kashe mutane ma ba a jiran su taru kafin a yanke musu aiki.

Ga awon layi, zana ma'aunin kowane gida daga cusa tsakuwa zuwa cusa tsakuwa. A misali, gidan da ya fito da milimita 1.2, yana ƙaruwa da 0.05 a wata, iyakarku kuma 1.8, saura masa wata 12. Wannan ba zai yiwu ba sai an rubuta ainihin inda injin ya fara da inda ya tsaya, ba inda aka tsara ba. Gidan da ke komawa mummunan hali da sauri bayan kowane gyara ba ƙarin inji yake so ba, je ka duba magudanar ruwa da laka a cikin tsakuwa.

9. Mayar da sakamako takardar aiki

Ga abin da ke nuna alama kafin ya gaza, kamar tsaga a ƙarfe ko ƙaruwar wutar da injin poyin ke ja, a ƙiyasta tazarar da ke tsakanin ranar da za a iya gano alamar da ranar gazawa. Abin da aka saba shi ne a yi duba a rabin wannan tazara ko ƙasa da haka: idan wata shida ce, duba duk wata uku, kuma abin da ya rage ya ishi a shirya gyara a samu a rufe layi. Inda rai ke ciki a ƙara matsewa, domin na'urar gano tsaga ma tana iya tsallakewa a karo ɗaya.

Kowane aiki a jadawali ya ɗauki lambar hanyar lalacewar da yake tarewa. Sai ka sa rumbun ya fito da jeri biyu: ayyukan da ba su da hanyar lalacewa, da hanyoyin da ba su da aiki. Na farko ana duba su ko gado ne kawai aka ci. Na biyu kowace sai an rubuta mata hukunci: a ƙirƙiro aiki, a sake ƙira, ko a bar ta ta lalace a gyara da gangan, wannan na ƙarshen kuma ba ya halatta ga abin da ya taɓa rai.

Kada ka tsawaita tazarar duba mai alaƙa da tsaron rai kawai saboda zane ya nuna maka haka. Dokokin hukumar da ke kula da layinku su ne mafi ƙarancin abin da dole a yi. Abin da rumbu ya fitar hujja ce da za a kai wa masu hurumin amincewa, a rubuta wa ya amince, yaushe, bisa wane bayani.

10. Kula da rumbun kansa

Ɗauki kwafi kullum da pg_dump, manhajar ɗaukar kwafi ta PostgreSQL, a kai shi wani gini, kuma lokaci-lokaci ka gwada mayar da shi a wata kwamfuta don ka tabbatar yana buɗuwa. Raba izini: mai sintiri ya ƙara rahoto, injiniya ya gyara, mutum ɗaya ko biyu kawai su taɓa jerin lambobi. Kowane gyara ya bar sawu, wa ya canja, daga me zuwa me. Rumbun nan kada ya haɗu kai tsaye da na'urorin sarrafa sigina. Idan kana jawo bayanai daga gare su, hanyar ta zama mai fita kawai.

Duk wata ka buga wa kowace tawagar gyara shafi guda: kayansu biyar da suka fi ba da wahala, da abin da aka yanke a kansu. Mutanen da suka ga rahotonsu ya kawo sabon inji ko ya sa an haƙa magudana za su ci gaba da cike fom da kyau. Duk shekara kuma, ko bayan wani babban lamari, ko idan nauyin jirage ya canja, a sake zama da mutanen mataki na 4, a buɗe teburin hanyoyin lalacewa gefe da gefe da tarihin shekarar, a ƙara waɗanda suka bayyana, a gyara tazarar da ta nuna ba daidai ba. Sai wannan zagaye ya kammala sau ɗaya a yankin gwaji za ka ƙara nau'in kaya na gaba, kwalbatoci da magudanan ruwa ne kuma suka fi cancanta su biyo baya, tunda yawancin matsalar tsakuwa daga wurinsu take farawa.